Gashin bakina ya ƙi haɗewa, biki kuma saura wata uku

Ango Mai Jiran Rana:
Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah ban da dariya, ko da yake na san wasu sai sun yi. Shekarata 23, an sa ranar aurena bayan Babbar Sallah, saura wata uku kenan. Damuwata gashin baki. Ɓangaren dama ya fito har ya yi baƙi, na hagu tsilli-tsilli kamar gonar da fara ta bi ta kai, tsakiya kuma ƙarƙashin hanci fili ne fetal, mai babur ma ya wuce. Gemu da sauƙi, akwai ɗan abin da ba a rasa ba a haɓa. Mai askina ya ce in dinga kwashe shi da reza sau uku a mako, wai zai dawo da kauri. Wata biyar kenan ina yi, ban samu komai ba sai ƙuraje. Na kuma sayi wani mai a intanet har kwalba biyu, ƙamshi kawai nake zubawa. Yanzu ƙannen amarya sun laƙaba min suna Yaya Rabi, wai don rabin gashin baki gare ni. Wanda ya san mafita ya taimaka.

Ɗan Gayu:
Yaya Rabi! Wallahi yaran nan ba su da kirki, amma sun iya saka suna.

Na Damagaram:
Wa alaikumus salam. Ango, ranar ɗaurin aure ka naɗa rawani ka ja amawali har hanci, an gama. Mu nan Buzaye sun daɗe da magance wannan matsala, shekara ashirin kana hulɗa da mutum ba ka taɓa ganin leɓensa ba.

Ango Mai Jiran Rana:
Na Damagaram, bayan biki fa? Da amawalin zan dinga shan koko?

Jikan Sarkin Aska:
Ku bar yaro ya samu amsa. Ango, ni a gidan wanzamai na tashi, na riƙe zabira tun ban kai shekara goma ba, yanzu kuma shago gare ni. Mai askinka bai yi ƙarya ba, aski yana ƙara gashi, mun gani da idonmu. Kuskurensa ɗaya, reza ya ba ka. Aska ake sawa, a jiƙa wurin da ruwan ɗumi, a bi kwanciyar gashin. Ciyawa ma in ka yanke ta ai tofowa take yi fiye da da.

Oga Kemis:
Ranka ya daɗe Jikan Sarkin Aska, a nan kam zan saɓa maka, ka yi haƙuri. Aski ba ya ƙara yawan gashi, ba ya ƙara kaurinsa, ba ya sa shi saurin fitowa. Ba yau aka fara auna wannan ba. Tun 1928 wata masaniyar ƙirar jikin ɗan Adam a Amurka, Mildred Trotter, ta sa maza suna aske fuska tana auna abin da ya fito, ba ta ga wani canji ba. A 1970 aka sake gwadawa: maza biyar, kowanne ana aske masa ƙafa ɗaya duk mako tsawon watanni, ana barin ɗayar. Da aka gwada ƙafafun babu bambanci.

Abin da ke ruɗin ido shi ne, silin gashi kamar tsinken tsintsiya yake, bakinsa siriri, gindinsa mai kauri. In aska ta datse shi, abin da zai leƙo dungulmi ne, ka shafa ka ji kaushi, ka duba ka ga ya fi baƙi. Amma silin nan dai shi ne, ɗaya bai zama biyu ba. Misalin ciyawa kuma bai hau ba, don ciyawa rayayya ce har ganyenta. Gashin da ke saman fata matacce ne, shi ya sa ba ka jin zafi in an yanke shi. Mai ran yana can ƙasa cikin fata inda aska ba ta kaiwa.

Jikan Sarkin Aska:
To Oga, yaran da suke zuwa min da ɗan gashi kamar na jariri, in yi ta aske musu, bayan shekara biyu su dawo da gashin baki sosai, su fa? Ƙafar Bature aka auna, ni kuma fuskar Bahaushe nake gani kullum.

Oga Kemis:
Shekararsu nawa lokacin da suka fara zuwa? Sha bakwai, sha takwas. Ko ba ka taɓa su ba a shekara ashirin gashin zai ƙaru, don lokacin ƙaruwarsa ne. Kai dai ka yi sa'a askarka ta zo daidai da damina. In da aski na fito da gashi, da babu mai sanƙo ko ɗaya a Kano, don babu wanda ya kai su yin tal-kwabo duk Juma'a.

Ɗan Gayu:
Kai! Oga Kemis ya taɓo kawuna.

Baba Tsohon Hedimasta:
Yaro, kafin ka sake kashe ko sisi, je ka buɗe akwatin tsofaffin hotuna na gidanku. Ka nemo hoton mahaifinka yana saurayi, ka dubi baffanninka, ka dubi kawunnanka ta wajen uwa su ma, don gado ba ta hanya ɗaya yake zuwa ba. Ni da kake gani, ranar da na fara shiga aji a matsayin malami, wani uba da ya kawo ɗansa ya aike ni in kira masa malamin ajin. Fuskata sumul kamar ƙwai. Ban ga gashin baki na kirki ba sai da na doshi talatin, yanzu kuwa duk sati sai na sa almakashi, ga furfura ta cinye shi. Shekara 23 ba a gama ginin ba tukuna.

Sista Mai Aikin Dare:
Baba ya faɗi gaskiya, bari in ɗora. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi shekaru a ɓangaren fata, kuma samari irinka ƙanena suna zuwa da yawa, sai dai su fake da cewa ƙuraje suka kawo, sai an kusa tashi su ce "Anti, ga wata 'yar tambaya".

Gashin baki yakan fara ne daga gefe biyu na leɓen sama, a shekarun balaga, sannan ya yi ta matsowa tsakiya. Don haka tsakiyar ita ce ke zuwa a ƙarshe, wasu ma har su tsufa akwai 'yar rata a kwarmin nan na ƙarƙashin hanci, ba ciwo ba ne. Kuma gashin fuska yana ci gaba da cika har ƙarshen shekaru ashirin da wani abu, wasu har cikin talatin. Abin da ke tayar da shi sinadarin namiji ne, testosterone, da wani da jiki ke sarrafawa daga gare shi da ake kira DHT. Amma abin lura, yawancin maza masu ƙarancin gashin fuska sinadarinsu lafiya lau yake. Bambancin yana wajen saiwar gashin, ta wani tana jin kiran da wuri, ta wani tana da nauyin kunne, kuma wannan gado ne. Shi ya sa za ka ga ɗan Sin ko ɗan Koriya da 'ya'ya biyar fuska ba komai, ga Baturke ko Balarabe ɗan sha tara da ƙasumba kamar buroshi.

Batun dama ta fi hagu kuwa, tsaya gaban madubi ka duba girarka da kunnuwanka. Babu fuskar da ɓangarorinta biyu suka zo daidai. Sai dai zan tambaye ka abu biyu. Akwai tabo ko tsagar gado a gefen hagun? Gashi ba ya fitowa a kan tabo. Na biyu, kana da ɗabi'ar jan gashin ko cizonsa in kana tunani ko kallon waya?

Ango Mai Jiran Rana:
Anti babu tabo. Amma maganar ja... gaskiya ina yi. In ina kallon ƙwallo hannuna na hagu a nan yake, kafin in fara askewa har tsigewa nake yi ban sani ba.

Sista Mai Aikin Dare:
To ka ga ɗaya. Ka nemi carbi ka riƙe in ana ƙwallo.

Ɗan Gayu:
Ku daina wahalar da ango da tarihi, wata uku ya rage masa. Abokina ka nemi minoxidil mai kashi 5, ka shafa safe da yamma. Ni wata bakwai na yi, sajena da ba ya haɗuwa da gemu yanzu ya haɗe. Duk masu gemun da kuke gani a TikTok shi suke shafawa, man habbatus sauda da suke tallatawa na rufa ido ne.

Uwar Biyu:
Kai Ɗan Gayu ka iya bakinka a kan habbatus sauda.

Ɗan Gayu:
Hajiya ba raina ta na yi ba, ina shan ta ma. Cewa na yi ba ita ta fito musu da gemu ba.

Oga Kemis:
Ɗan Gayu bai yi ƙarya ba, amma rabin zancen ya faɗa. Minoxidil asalinsa ƙwayar hawan jini ce, a 1979 aka amince da ita a Amurka don masu hawan jini mai taurin kai. Sai aka lura masu shan ta gashi na fito musu har a goshi da bayan hannu. Daga nan aka yi na shafawa, aka amince da shi a 1988 don sanƙo. Don fatar kai, ba don fuska ba. Gwajin da aka fi ambata a kan gemu shi ne wanda aka yi a Tailan aka buga a 2016: maza 48, rabi aka ba su mai kashi 3, rabi aka ba su ruwan da ba magani a ciki, sau biyu a rana har mako 16. Masu maganin sun fi samun ƙarin gashi. Don haka yana aiki ga wasu, amma mutum 48 da wata huɗu ba wani babban gwaji ba ne, kuma gemu aka duba.

Ga inda nake jin tsoro. Gashin baki a bakin ƙofa yake. Ka shafa, ka yi gumi, ka lashi leɓe, ka sha shayi, maganin hawan jini ya shiga ciki kenan. Akwai masu samun bugun zuciya, jiri, ciwon kai, kumburin ƙafa. Na ruwan yana busar da fata har ta dinga ɓarewa, kai kuma ga ƙurajen reza a wurin, fata a buɗe ta fi zuƙar magani. Wasu a makonnin farko gashin ma zubewa yake fara yi kafin ya dawo. Ka lissafa da kyau kada zubar ta faɗo ranar kamu. Sannan abin da ya fara fitowa siriri ne mara launi, kuma in ka daina da wuri yawancinsa tafiya yake yi.

Kasuwa kuma cike take da jabu. Duk kwalbar da ba lambar NAFDAC, ba ranar lalacewa, ba sunan kamfani, an dai rubuta "mai fito da gemu cikin kwana bakwai", ka ajiye musu kayansu. Ba ka san me aka zuba ba.

Sista Mai Aikin Dare:
In ƙara a kan na Oga: mai ciwon zuciya ko mai shan maganin hawan jini kada ya taɓa shi sai likita ya ce. Gidan da akwai jariri a kula, an samu rahoto a Turai na jarirai da gashi ya fito musu a jiki saboda suna goguwa da fatar iyaye masu shafawa. Kuma guba ne ga kyanwa, ɗan kaɗan ke kashe ta. Ango kai da za ka tare da amarya, ka yi tunanin matashin kai ɗaya za ku dinga haɗawa.

Ɗan Gayu:
To ni dai ban mutu ba.

Oga Kemis:
Allah Ya ƙara lafiya. A kumatu ka shafa, kuma wata bakwai ka ce, shi uku gare shi.

Mai Ɗaga Ƙarfe:
Duk wannan dogon turanci ne. Matsalar ƙarancin sinadarin maza ce. A wurin motsa jikinmu akwai mai yin allurar testosterone, wata biyu za ka ga gashi har a kafaɗa.

Sista Mai Aikin Dare:
Inna lillahi. Ƙanena kada ka kuskura. Idan ka sa wa jiki testosterone daga waje, ƙwaƙwalwa sai ta ɗauka ya wadata, ta daina aika wa 'ya'yan maraina saƙo, su rage aiki, ƙwayoyin haihuwa su ragu, wani su ɗauke gaba ɗaya, kuma dawowarsu kan ɗauki watanni, wani fiye da shekara. Har gwada ta aka yi a matsayin maganin hana haihuwa na maza. Ga ƙuraje, ga kaurin jini, ga fitowar nono, ga sanƙo da wuri ga mai gadonsa. Mutumin da ke shirin aure za ka kai a yi wa wannan? Garin neman gira a rasa ido kenan.

Wanda ya kamata ya je a auna shi daban ne: wanda ya wuce shekarun balaga murya ba ta buɗe ba, babu gashin hammata da na gaba, babu sha'awa, ko wanda da yana da gashin fuska ya ga yana raguwa tare da kasala. Wannan asibiti zai je a ɗebi jini da safe, likita ya duba. Wanda gemu ya fito masa, rabin gashin baki ya yi baƙi, ba ya cikin wannan layi.

Mai Ɗaga Ƙarfe:
Anti ban san da maganar haihuwar ba wallahi.

Malam Na Zaure:
Assalamu alaikum. Na ga an yi ta magana ba a taɓo wani gefe ba. Ango, abin da kake kuka a kansa, shari'a ma rage shi ta ce a yi. Hadisin Ibn Umar da ke Bukhari da Muslim umarni ne a rage gashin baki a bar gemu. Rage shi yana cikin abubuwa biyar na fiɗira tare da kaciya, aske gaba, yanke farce da cire gashin hammata. A hadisin Anas kuma da ke Muslim an iyakance kada a bar su fiye da kwana 40. Ban taɓa cin karo da inda aka yabi mutum don kaurin gashin bakinsa ba.

Ɗalibin Ilimi:
To ai Malam shi kenan, ya ci gaba da kwashewa da reza, ya huta, ya kuma samu lada. Lafazin hadisin ai ƙarewa yake nufi.

Malam Na Zaure:
Sannu ɗalibi, a hankali. Lafuzzan sun zo iri-iri, wani da ma'anar ragewa, wani da ma'anar kaiwa maƙura, shi ya sa malamai suka saɓa. Hanafawa sun fi son a kai shi ƙasa sosai. Imamu Malik kuwa cewa ya yi a rage har gefen leɓe ya bayyana, kuma ya ƙi a kwashe shi ƙaf, yana ganin hakan ɓata halitta ne. Ka koma Risala ta Ibn Abi Zaid da muke karantawa a zaure, a babin fiɗira, haka ya kawo: a yanke gefen da ya zagaye leɓe, ba a ƙare shi ba. An ma rawaito cewa Sayyidina Umar yakan murza gashin bakinsa idan ransa ya ɓaci, wanda aka kwashe kuwa ba ya murzuwa. Wanda ya bi ɗaya fahimtar ba mu ce ya yi laifi ba. Amma kada a ce wa yaro lada na cikin rezar da ke fito masa da ƙuraje.

Ɗalibin Ilimi:
Allah Ya gafarta Malam, ni dai abin da na ji malaminmu ya rinjayar kenan.

Malam Na Zaure:
Madalla, ka riƙe, amma ka san akwai wani.

Direban Tirela:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa tunda ga masana. Ni shekarata 38, gashin bakina cike yake tun ina saurayi. Wata biyu da suka wuce na tashi na ga wani wuri a gefen dama ya zube, zagaye kamar kwabo, sumul, ba ƙaiƙayi ba ciwo. Yanzu wani ya sake fitowa a gemu. Wani a tasha ya ce in daka tafarnuwa in ɗaure a wurin in kwana da ita. Na yi, da safe fatar ta tashi kamar ƙunar ruwan zafi, yanzu wurin ya yi baƙi. Iyalina kuma sun ce jifa ne.

Sista Mai Aikin Dare:
Sannu Yaya, Allah Ya ba da lafiya. Ka ga taka daban ce da ta ango, kuma wannan bambancin nake so kowa ya riƙe: akwai gashin da bai taɓa fitowa ba, akwai wanda ya fito ya zube. Na farko yawanci jira ne, na biyu asibiti ne.

Yadda ka kwatanta, zagaye, sumul, ba ɓawo ba ƙaiƙayi, ya yi kama da abin da likitoci ke kira alopecia areata. Sojojin jiki ne ke kuskure su far wa saiwar gashi. Ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, saiwar kuma ba mutuwa take yi ba, shi ya sa da yawa gashin ke dawowa da kansa cikin watanni, sau da yawa ya fara fitowa fari kafin ya yi baƙi. Likitan fata kan ba da man shafawa ko ya yi 'yar allura a wurin. Wani lokaci a duba sinadarin maƙoshi (thyroid) da sukari, don yakan zo tare da wasu larurorin. Idan kuwa wurin yana ƙaiƙayi, yana ɓawo, ya yi ja ko yana ruwa, gashin na karyewa, to wannan ɗan'uwan makero ne, ana ɗaukarsa a kayan aski ko jikin dabbobi, kuma shi sai an haɗa da maganin sha, na shafawa kaɗai ba ya isa saiwa. Ba zan yanke maka hukunci ta waya ba. In hanya ta biyo da kai Kano ko Zariya, asibitin koyarwa na Aminu Kano da na Shika duk suna da likitocin fata.

Tafarnuwa kuwa ka bar ta a miya. Ɗanyarta tana ƙona fata sosai in ta kwana, in ƙunar ta yi zurfi ta bar tabo, wurin da da zai warke da kansa ya rasa gashi har abada. Addu'a ka ci gaba da yi, ba ta hana zuwa asibiti.

Direban Tirela:
Na gode Anti. Jibi ina da lodi zuwa Dawanau, zan tsaya.

Jikan Sarkin Aska:
Direba, ka sayi kilifarka ta kanka, kana yawo gari-gari kowa na sa maka tasa. Wannan ko Oga Kemis ba zai musa min ba.

Oga Kemis:
Ko kaɗan. Har ciwon hanta ana ɗauka ta reza da aska in an yi tarayya.

Jikan Sarkin Aska:
To tunda mun shirya, bari in ba ango abin da na iya, maganar aski na ƙara gashi kuma na bar ta ba don na yarda ba. Ango ka ajiye reza yau. Mako shida kada ƙarfe ya taɓa wurin. Gashi yana yin kamar santimita ɗaya a wata, kai kuma kana kashe shi duk kwana biyu, yaushe za ka san abin da Allah Ya ba ka? Mako na biyu da na uku za ka yi muni, ka daure, ka ce wa mutane gyara ake.

In ya taru, ga ƙa'idar: ba a jan mara ƙarfi ya kamo mai ƙarfi, mai ƙarfin ake ragewa ya jira ɗan'uwansa. Ɓangaren dama za a sassabe da almakashi da mataji, a rage masa duhu, na hagu a bar shi ya ɗan fi tsawo a kwantar da shi ƙasa da gefe, silin sama ya rufe gurbin ƙasa. A daidaita layin leɓe ya fito tsaf, don ido layin yake fara gani kafin yawan gashi. Kada ka yarda mai aski ya yi ta cin layin sama yana neman daidaito, haka ake yi har a wayi gari saura zare. Ratar tsakiya kuma kada ka ɓoye ta, a gyara gefenta biyu ta zama kamar da gangan aka yi. Kuma kada ka bar shi ya yi tsawo da yawa, gashi mara yawa in ya yi tsawo tona asiri yake. In ka haɗa shi da ɗan gemun haɓar nan, ba wanda zai tsaya ƙirga na hagu.

Mai kuma, man kaɗanya ko na zaitun ɗan kaɗan ya isa, don laushi da kwanciya. Ba ya shuka gashi, ni ma ban taɓa cewa yana yi ba.

Ranar biki in kana so akwai baƙin da muke ɗan taɓawa, ƙananan silin da ba sa ganuwa su fito.

Sista Mai Aikin Dare:
Baƙin rinin nan a gwada shi a bayan kunne kwana biyu kafin a kai fuska. Akwai sinadarin PPD a yawancinsu, irin wanda ke cikin baƙin lallen da ke ƙona hannun amare. Na taɓa ganin ango da leɓe kamar an busa balan-balan ranar walima.

Malam Na Zaure:
Rini da baƙi ma akwai magana. A hadisin mahaifin Sayyidina Abubakar an ce a canza furfurarsa a nisanci baƙi. Malik ya ce bai ji wani abu tabbatacce a kai ba, amma wani launin ya fi soyuwa gare shi. Inda aka fi tsanantawa shi ne a yi don a ruɗi wadda za a aura.

Uwar Biyu:
Allah gafarta Malam wace ruɗa kuma, yarinyar da ƙannenta suka sa masa Yaya Rabi? Ta gani ta sani. Ni ku ba ni dama in faɗi ta mata. Ɗana, shekarata 19 da aure, ban taɓa jin mace ta dawo gida ta ce a raba auren gashin baki bai haɗe ba. Abin da muke gani shi ne wanda ya bar shi yana shiga miya, ko yana warin hayaƙi, ko leɓe duk ƙuraje. Ka tambaye ta ma kai tsaye, wataƙila ita ba ta son shi da yawa. Kuɗin man intanet ɗin nan da ka ƙara a kayan lefe.

Ɗan Zangon Kumasi:
Hajiya ta gama magana. Amma in abin ya dame shi nan gaba akwai dashe, wani abokin aikina ya je Istanbul an ɗebo daga ƙeyarsa an dasa masa a gemu.

Oga Kemis:
Ana yi, amma ba ga ɗan 23 ba wanda nasa bai gama fitowa ba. Kuma mu baƙar fata sai an yi hattara, saiwar gashinmu a lanƙwashe take cikin fata, ta fi wuyar cirewa, ga masu jikin da tabo ke kumbura musu. Wanda ƙurajen aski ke zame masa tudu a ƙeya ya yi nesa da wannan.

Ango Mai Jiran Rana:
Jama'a na dawo, yau mako shida da kwana biyu. Na ajiye reza kamar yadda aka ce, ƙurajen sun mutu saura tabo biyu. Na samo hoton Baba na lokacin da ya gama makaranta, wallahi ko nawa bai kai ba, da na nuna masa dariya ya yi ta yi, ya ce sai da aka haifi yayata nasa ya haɗe. Na hagun ya fito fiye da yadda na zata, bai kamo dama ba amma ba gonar fara ba ce yanzu. Na kai wa wani mai aski daban na karanta masa saƙon Jikan Sarkin Aska, ya rage dama da almakashi. Tsakiya tana nan yadda take. Minoxidil ban saya ba, na bar shi sai bayan biki in ga likita tukuna. Na tambayi amarya kamar yadda Hajiya ta ce, ta ce ita tsayin hulata ne ma ya fi damunta.

Ƙannen nata kuma sun ƙara min girma, yanzu Yaya Rabi da Kwata suke cewa.

Jikan Sarkin Aska:
Ka gani ko? Wata biyar ɗin da ka yi kana askewa ne ya fara aiki yanzu.

Oga Kemis:
Ranka ya daɗe, kada mu sake.

Sista Mai Aikin Dare:
Allah Ya sanya alheri ƙanena. Direba fa, ka je asibitin kuwa? Mun ji ka shiru.

Direban Tirela:
Na je Anti, abin da kika faɗa ne, ba makero ba. An yi min allura sau ɗaya, an ce in koma bayan wata. Wasu fararen gashi sun fara leƙowa a na gemun. Inda na ɗaura tafarnuwar ne dai har yanzu shiru.